Ranar da Aka Karrama Gwaggo

Gwaggona, yayar mahaifina, ungozoma ce a Dukawuya, kuma a hannunta na tashi. Rabin yaran lungunmu ita ta yanke musu cibiya. Amma ba wannan ya yi mata suna ba, faɗan da take yi a kan zubar da ciki ne. Idan tsautsayi ya faɗa wa yarinya, uwarta takan lallaɓo gidanmu da hantsi, lokacin da maza suka watse kasuwa, ta zauna ta yi ta kewaye-kewaye, wai ko akwai ɗan jiƙon da zai gyara al'amari. Gwaggo takan bar ta ta gama tsaf, sannan ta ce, "Ni karɓar rai nake yi, ba na kashe shi. Je ki kawo mini yarinyar." Kuma ba a baki ta tsaya ba. Ta taɓa bin wata uwa da 'yarta har ƙofar wani mai kemis, ta tsaya a bakin shagon tana rafka salati, har kunya ta sa suka juyo.

Wadda aka kawo, Gwaggo takan ɓoye ta a ƙuryar ɗakinta har ta sauka lafiya. Jariran kuwa, wani dangi su kai shi ƙauye, wani a ba matar da Allah bai ba haihuwa ba. Guda ɗaya ce ta rasa mai ɗauka. Ina 'yar firamare aka haife ta, na kuma ga ranar da dangin uwar suka zo suka tafi da 'yarsu ko waiwaye babu. Gwaggo ta goya jaririyar, ta shaida wa unguwa cewa marainiya ce, 'yar ƙanin mijinta da ya rasu a wani ƙauye a ƙasar Gaya. Ni kuwa ta kama kunnena ta murɗa, ta ce, "Bakinki ƙanin ƙafarki." Na riƙe. Muka riƙa kiran yarinyar Auta, ta tashi tana ce mini Yaya, ba ta san komai ba.

Auta ta girma, mai fara'a, mai hannu a ɗinkin hula. Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, wani saurayi mai sayar da turare a Kasuwar Kurmi ya fito neman aurenta. Yaron kirki ne, ba zan ci haƙƙinsa ba. Aka kawo lefe, aka sa rana bayan Babbar Salla. Ni lokacin ina ɗakin mijina a Kabara, amma kusan kullum ina gida muna shirye-shirye.

To, a lokacin nan ne ƙungiyoyi suka ɓarke a garin nan kamar ciyawar damina. Baki ya buɗe, kowa da ƙungiyarsa, kowace ƙungiya da taron karramawarta. Wata ƙungiyar mata masu yaƙi da zubar da ciki ta ce za ta karrama waɗanda suka tsaya wa wannan aiki. Shugabarsu, wata Hajiya ce 'yar asalin unguwarmu da aure ya kai bayan gari, ta zo da kanta har ɗakin Gwaggo. Gwaggo ta ce a kai kasuwa. Ta ce, "Aikin da ake yi a ƙuryar ɗaki, ina shi ina lasifika?" Hajiya ta tafi ta dawo da matar mai unguwa, aka yi ta magiya, wai don 'yan baya su yi koyi. Kunyar matar mai unguwa ce ta sa Gwaggo ta amsa. Auta kuwa murna kamar ita za a karrama. Da kanta ta aika aka gayyato uwar saurayinta da yayyensa mata, don su ga irin gidan da za su ɗauki amarya.

A zauren taron wata makaranta aka yi, ranar Asabar. Wuri ya cika maƙil, ga zafi, ga ƙamshin humra har yana hawa kai. Aka fara da wata likita da ta sha tsangwama a wurin aikinta saboda ta ƙi sa hannu a wannan abu, sannan wani malami mai wa'azi. Wallahi sun cancanta, na tafa musu da zuciya ɗaya. Sai aka kira Gwaggo. Ta fito tana ɗingisa ƙafarta mai ciwo, aka miƙa mata lambar yabo, ta riƙe ta a karkace don ba ta san yadda ake riƙewa ba.

Hajiya ta karɓi lasifika ta shiga yabo. Ta yi, ta yi, har muryarta ta fara rawa. Sai na ji ta ce, "Jama'a, ba labari nake ba ku ba, ga shaida nan a zaune a cikinku. Yarinyar can mai shuɗin mayafi, iyayen uwarta sun ɗaura niyyar zubar da ita. Baiwar Allahn nan ce ta tsaya, ta karɓe ta, ta raine ta. Yau ga ta har an sa mata rana! Tashi, 'yata, tashi a gan ki."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Auta ta waiga bayanta tana neman mai shuɗin mayafi. Ta waiga dama. Sai ta ga duk idanu a kanta suke. Wata da ke kusa ta kama hannunta ta miƙar da ita, zauren ya ɗauki kabbara da tafi, wasu har da guɗa. Ita kuwa tana tsaye tana murmushin da ba ta san dalilinsa ba, tana kallona. Ban iya ɗaga kai ba. Da na ɗago, uwar saurayin na hanga tana gyara mayafi, 'ya'yanta na bin ta a baya zuwa ƙofa.

Abin da ya fi ƙona mini rai har yau, Hajiyar nan ba da mugunta ta yi ba. Hawaye take yi na gaske. Ashe tun tana budurwa ta tsinci zancen a bakin tsohuwarta, ta adana shi shekara da shekaru, sai ranar da ta samu lasifika. Da maƙiyiya ce da na san yadda zan yi da ita. Kashegari ta zo ba da haƙuri, wai ita ta ɗauka yarinyar ta sani, wai ai abin alfahari ne. Na tare ta a zaure na ce, "Hajiya, alfaharin wa? Ke da kika tashi a cikin birnin nan, ba ki san sunan da ake kiran irin wannan ɗa da shi ba?" Na faɗa mata maganganun da ba zan maimaita a nan ba, kuma ban yi nadama ba.

Magana zarar bunu ce. Kafin la'asar ɗin ranar, zancen ya kai Kurmi. Ba a yi mako ba sai ga tsofaffi mata daga gidan saurayin, suka yi sallama a sanyaye, suka ce an aiko su ɗaukar akwatuna. Limamin unguwarmu, Allah ya jiƙansa, ya taka har gidansu. Ya ce musu yarinya ba ta da laifin kowa a wuyanta, kuma addini bai hana aurenta ba. Baffan yaron ya ce, "Gaskiya ne, Malam. Amma idan 'ya'yanta suka tambaye mu kakansu, wa za mu nuna musu?" Shi saurayin sau ɗaya ya zo. Ya tsaya a zaure yana kuka kamar ƙaramin yaro, ya ce ba zai iya saɓa wa iyayensa ba. Ban ga laifinsa sosai ba, amma na tsane shi a ranar.

Auta ba ta yi kuka ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta daina fita ko ƙofar gida, ta daina ɗinki, abinci sai an matsa. Idan yara suka leƙo daga zaure sai ta shige ɗaki. Gwaggo, wadda duk unguwa ke shakkar bakinta, ta koma tana bin yarinyar da ido kawai.

Ranar da aka sa za a ɗaura auren, na je gidan tun da safe don kada su zauna su kaɗai. Tsakar gida tsit. Gwaggo na kan tabarma tana jan carbi, Auta ta fito ta zauna a gabanta, ta ce, "Gwaggo, da kin bari sun zubar da ni, da yau kowa ya huta."

Gwaggo ta ajiye carbin. Ta ce, "A kan zuwa taron nan, ki yafe mini, ni na kai ki. Amma a kan ranki ba zan ba ki haƙuri ba. Ko yau aka dawo da ranar, haka zan yi."

 Auta ta ce, "To wace ce uwata?"

"Na yi mata rantsuwa da Alƙur'ani ba zan faɗa ba. Tana ɗakin mijinta da 'ya'yanta, idan na faɗa na kashe mata aure."

Auta ta gyaɗa kai a hankali. Ta ce, "Ita da ta yi abin, kin rufa mata asiri har yau. Ni da ban yi komai ba, wa ya rufa mini nawa?"

 Gwaggo ta juyo ta kalle ni, wai ko ni ina da abin cewa. Na kawar da kai. Har Gwaggo ta koma ga Mahaliccinta ba ta samo wa yarinyar nan amsa ba, kuma Auta ce ta yi jinyarta, ba ta sake tambaya ba.