Ƙarfen da Gwaggo Ta Ajiye

Akwai wani ƙarfe a gidanmu na Jibiya da har yau in na tuna shi sai miyau ya tsinke mini. Mari ne, irin wanda ake ɗaure ƙafar bawa da shi. Gwaggona, yayar mahaifina, ita ta adana shi ƙarƙashin gado, alhali an hana bauta tun kafin a haife ni.

Jikan wanda ya taɓa sa ƙarfen nan abokina ne. Akushi ɗaya muka ci, shi ma Gwaggo yake ce mata kamar yadda nake ce mata. Da muka girma, ana saura 'yan shekaru Turawa su tafi, sai ya tsallaka iyaka zuwa ƙasar Nijar, da ke hannun Faransa a lokacin, inda ba wanda ya san kakansa. Ya kama awon gyaɗa, Allah ya sa albarka. Duk ranar kasuwa sai ya shigo ya durƙusa ya gaishe ta, ya ajiye mata kan sukari da sabulu.

Can ya ga yarinyar da yake so, ita ma tana sonsa. Iyayenta suka turo dattawa biyu binciken asali. Shi da bakinsa ya ce su zo gidanmu, don a ganinsa nan ne gida.

Na shimfiɗa musu tabarma a zaure, na ce yaron kirki ne, ba ya ƙarya, ba ya wasa da salla. Har sun fara neman takalmansu sai ga Gwaggo da sandarta. Ta jefo ƙarfen gabansu.

"Halinai lahiya lau," in ji ta. "Amma ku tambai wanga, shi ya san ƙahwar kakanai. Ɗiyarku ce, kar ku ce ba a hwaɗa muku ba."

Babban cikinsu ya dubi ƙarfen, ya ce, "Mun gode, Inna." Ko furar da na kawo musu ba su ƙarasa ba. Maganar aure ta mutu a nan, abokina bai sake tako gidanmu ba.

Tsohuwar ba ta ko ji a jikinta ba. Bayan girbi na iske ta tana dama koko, tana tsaki.

"Yaron nan shiru, ko sukari ya bar kawo man," in ji ta. "'Yan yanzu ba su san zumunci ba."