Ranar da Lawandi Ya Rabu da Roba-robarsa

Wata rana da hantsi, wani mai wankin hula da ake kira Lawandi ya hau ɗan ƙaramin mashin ɗinsa ya nufi kasuwar 'yan babura. Kafin azahar ya dawo unguwa a kan ƙato, baƙi wuluk, yana ƙugi.

Bari in gaya muku abin da ya bayar kafin ku taya shi murna.

Roba-roba ce, irin 'yar ƙaramar nan mai kwando a gaba. Ba ta da gudu, wannan gaskiya ne. In ta zo hawan gada sai ka ji tana nishi kamar tsohon injin markaɗe.

Amma mai, lasarsa kawai take yi. Babu lungun da ba ta shiga. In ta ƙi tashi, da hannu ɗaya za ka tura ta, kuma kowane bakanike ya san cikinta. Da yamma ya ɗaga gabanta ya shigar da ita soro ta kwana.

A kwandonta yake jera hulunan mutane ya bi su gida-gida.

Sai dai babban aikinta ba hula ba ne. Babban aikinta kai Iya asibiti.

Iya Ladidi, mahaifiyar Lawandi, tana fama da hawan jini ga ciwon gwiwa. Duk wata sai an kai ta an auna ta an ba ta magani, kuma likita ya ja kunne sosai cewa kada a kuskura a yi fashi.

Gidansu yana can cikin ƙwaryar birni, lungun da adaidaita sahu ba ta shiga. Gwiwar Iya kuma ba za ta kai ta bakin titi ba.

Roba-robar ce take zuwa har bakin soro. Iya ta juya baya ta zauna a kaikaice, kamar mai zama a kan benci, ta riƙe ƙarfen baya, su lallaɓa su tafi.

Ba ta taɓa shi, shi ma ba ya waiwaye. Har su je su dawo da wuya ka ji maganarsu.

Ba gaba suke yi ba. Lawandi ɗan fari ne.

Ku 'yan yanzu da kuke kwanciya a cinyar iyayenku mata kuna danna waya, ba lallai ku gane ba. Iya irin matan da ce, masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Yaron nan" take cewa, ga shi har ya fara furfura a gemu. Ba ta haɗa ido da shi. Ba ta taɓa buɗe baki ta ce ya yi mata kaza ba. In tana son abu sai dai ya lura da kansa.

Kuma da yana lura, a ba shi haƙƙinsa.

To, a bakin lungun akwai majalisa. Kun dai san irinta, benci biyu da mutanen da aikinsu shi ne auna rayuwar wanda ya wuce.

Su suka sa shi gaba.

In ya taho su ce ga mai mashin ɗin mata nan. Wani ya ce a matsa wa malama ta wuce, za ta makara makaranta. Wani ya rantse ya ga akuya ta wuce shi a hanya har ta waiwayo. A kwashe da dariya, shi ma ya yi yaƙe ya ɗaga musu hannu.

Amma abin yana cin sa. Mutum ne mai iyali, kullum ana mayar da shi abin wasa a gaban yara.

Da aka yi hidimar salla, hula ta yi kasuwa, Allah Ya ɗan buɗa masa. Bai yi shawara da kowa ba, ya je ya yi musaya ya yi ciko.

Ranar nan majalisa tsaye ta miƙe. Aka shafa tanki, aka murɗa totur, aka ce yanzu ne Lawandi ya zama namiji. Bakinsa ya ƙi rufuwa. Ya shiga gida ya gaya wa Iya daga bakin ƙofa, ta ce daga ciki Allah Ya tsare, Ya sa alheri.

Ranar asibiti ta zo.

Ya kawo ƙaton har bakin soro ya tsaya a kai yana goge madubi. Iya ta fito da hijabinta, katin asibiti a cikin leda. Ta tsaya ta dubi kujerar, wadda ta kusa kai mata haƙarƙari. Ta ɗora hannu a kai.

Daidai nan wani maƙwabci ya zo wucewa ya tsaya yaba mashin, Lawandi ya juya suka shiga gaisawa.

Da ya waiwayo, Iya ta koma ciki.

Ta aiko cewa ta duba ashe maganinta da saura, a bari sai wani watan.

Ga abin da har yau yake hana shi sukuni: daɗi ya ji. Ranar asibiti rana ce ta bin layi, aiki ya tsaya. Ya ce to Allah Ya ƙara sauƙi, ya murɗa totur ya fice, majalisa tana ɗaga masa hannu.

Wata na gaba ta ce jikin da dama, ba sai an je ba.

Na gabansa ta ce tana sa ran baƙi.

Daga nan ya koma tambaya daga bakin ƙofa kamar mai sauke nauyi, ita kuma ta ba shi amsar da ta san zai karɓa. A ransa har godiya yake yi wa Allah, wai Iya ta samu lafiya.

Maganin kuwa ya daɗe da ƙarewa.

Wata safiya tana tsakar gida tana tsince shinkafa, faranti ya suɓuce daga hannunta. Ta kife a gefe. Baki ya karkace, hannun dama da ƙafar dama suka saki.

Aka kira shi daga wurin aiki. Ya iso a guje a kan ƙaton, gudun da bai amfana masa komai ba. A cikin bargo maza suka ɗauke ta har bakin titi, ana salati, mata suna leƙowa ta soraye.

A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Likita ya tambaye shi yaushe rabonta da shan magani. Lawandi ya buɗe baki, ya ga bai sani ba.

Da la'asar ƙanwar Iya, Inna Gaje, ta iso daga garin da take aure. Ta shiga ta ga 'yar'uwarta, ta fito ta same shi a zaune a barandar asibiti ya haɗa kai da gwiwa.

Ya ɗago ido jajur ya ce, "Inna, me ya sa ta daina zuwa? Wallahi duk wata sai na tambaye ta."

Inna Gaje ta dube shi.

Ta ce, "Ka tambaye ta ko za ta je. Ka taɓa tambayarta ko za ta iya hawa?"



Nan ta kwance masa komai. Ta ce ta zo dubiya kwanakin baya, Iya ta gaya mata a ɓoye. A ranar farko, lokacin da yake gaisawa da maƙwabci, ta ɗaga ƙafa za ta taka, gwiwa ta ƙi. Ta ga babu yadda za ta hau sai ta dafa kafaɗarsa ta ɗage zani, a bakin soro, mutane suna wucewa.

Ta dafa ɗan farinta a idon jama'a? Ta gwammace ta koma ciki.

Inna Gaje ta ce ta yi mata faɗa, ta ce ita za ta gaya masa. Iya ta haɗa ta da Allah kada ta faɗa. Wai duk abin da 'yan bakin lungu suke yi wa yaron nan yana shigowa kunnenta, tana jin zafinsa a ranta ba ta da bakin magana. Wai tun rasuwar mahaifinsa ba ta ji yana dariya irin ta ranar da ya kawo mashin ɗin ba. Ba ita za ta mayar da shi abin dariya ba.

Inna Gaje tana faɗa tana kuka, tana cewa ita ma da ta sani da ta karya alƙawarin.

Lawandi bai yi kuka a wurin ba. Ya tashi ya zagaya bayan gini, can aka same shi.

Iya ba ta mutu ba. Wani lokaci ina rasa ko in ce wannan sauƙi ne.

An sallame ta ba magana, ba tafiya. Likitoci sun ce a ci gaba da addu'a, wanda duk mai hankali ya san abin da hakan yake nufi.

Lawandi ya sayar da ƙaton. Bai sayi roba-roba ba, don yanzu ko a kan tabarma Iya ba ta iya zama sai an tokare ta da matashi. Keken guragu ya saya.

Duk wata yana tura ta a cikin lungun har bakin titi. In ya zo wucewa, majalisa ta yi tsit, kowa ya sunkuyar da kai ya ce ya mai jiki. Ko mutum ɗaya a cikinsu bai taɓa tasowa ya kama masa keken a tsallake kwata ba.

Kuma kafin ta hau keken, dole a ɗauke ta daga gado. Matarsa ba ta iyawa. Shi yake sa hannu ya ɗauke ta cak, kamar jaririya.

Duk lokacin da ya ɗaga ta, sai ta runtse ido ta juyar da fuska gefe, hawaye yana bin kuncin da ya karkace. Shi ma ya kawar da kansa don kada ya ƙara mata. Haka suke fita, uwa da ɗa, kowa yana kallon bango daban.

Darasi:

Kafin ka canza abin da yake yi maka aiki don bakin mutane, tsaya ka duba waye yake dogara da shi bayan kai. Masu yi maka dariya ba za su kwana da kai a asibiti ba.

Kuma in tsohuwarka ta ce maka "ba komai", kada ka yi saurin jin daɗi ka fice. Zauna ka duba da idonka. Wasu iyayen har su faɗi ba za su faɗa maka ba.

Ku kuma 'yan majalisa, ku ji tsoron Allah da bakunanku.

Ka tura wannan ga wanda ka san har yanzu mahaifiyarsa tana iya takawa. Ta yiwu ya karanta tun da sauran lokaci.