Tambayar da Malam Bawa Ya Ƙi Amsa Mini

Ina kasuwar Yelwa wajen masu busasshen kifi ɗan Malam Bawa ya kira ni, ya ce Malam ya cika da hantsi. Na yi salati, na nemi benci na zauna. Kuka bai zo ba, gajiya ce kawai ta sauko mini.

Shi ya koya mana Hausa a Wara. Mutum ne mai tsantseni da magana. In ɗalibi ya rubuta ya ji daɗi ƙwarai, sai Malam ya tsaya a kansa ya ce, "Wane irin daɗi? Na tuwo, ko na ganin gida?" Mu yi ta dariya, shi ko a jikinsa.

Shekarun baya kwalekwale ya kife da 'yan kasuwa a tafkin Kainji. Malam yana ciki, Innata ma tana ciki. Shi an tsamo shi a sume ya farfaɗo, ita sai gawarta. Tun daga nan na addabe shi da tambaya guda: me mutum yake ji in ruwa ya rufe shi? So nake in san ko Inna ta sha wuya.

A ganina duk abin da mutum ya ji yana faɗuwa, balle a bakin malamin harshe. Shi ya ce a'a. "Ɗiyata, tsoro da zahi masu numfashi sunka raɗa musu suna a tudu. Abin da na ji can ƙasa ba ɗayansu ba ne." Na ce to ya kwatanta. Ya ce in ya kwatanta, kwatancen zan ɗauka in ɗora wa Inna. Na yi fushi har na daina zuwa gaishe shi, amma duk sallah sai ya tako gidana.

Da ciwo ya kwantar da shi na je dubiya, na roƙe shi ya ce mini Inna ba ta wahala ba, ko da ƙarya ce. Sai ya dube ni ya ce:

"Kusa da ni take zaune. Na riƙe hannunta har ruwa ya hi ƙarhina. Wanga na sani, shi na ba ki. Abin da ke ranta, ban shiga ba."

Sai ranar na san nauyin da yake ɗauke da shi, ina ta ƙara masa.

Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalinsa haƙuri. Allah ya jiƙan Inna. Ni kuma ya raba ni da tambayar nan, na gaji da ita.