Tsinken da Na Kai Kasuwar Jega

Idon Baba ya fara dushewa a shekarar da na dawo Aliero da aikin koyarwa. Likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a kankare, jijiya ce ke mutuwa a hankali. Baba bai yi raki ba. Abu guda ya dame shi, wato littattafan mahaifinsa, waɗanda Kaka ya kwafa da hannunsa ya cika gefensu da ƙananan bayanai. Baba ya yi shekaru yana cewa sai ya samu sarari zai bi su ɗaya bayan ɗaya. Sararin ya zo, ido ya ce bai san zance ba.

Ni na kawo dabara. Na ɗauki hoton shafukan da waya, na zuba su a tsohuwar kwamfutata, don in riƙa faɗaɗa masa rubutun har harafi ya kai girman babban yatsa. Dabarar ta yi, kwamfutar ce ta ƙi. Da na ja shafi sai ta sandare, wani ɗan zobe ya hau juyawa. Baba yakan jira da haƙuri, can ya ce, "Ta tahi alwala kuma?" Ni kuwa haushi kamar in jefa ta rijiya.

Wani abokin aikina ya ce ram ne ya yi mata kaɗan. Na tambaye shi mene ne ram, tunda wurin ajiyarta ko rabi bai cika ba. Ya ce wancan rumbu ne, ram kuwa tabarmar shanya. Komai cikar rumbunka, iyakar faɗin tabarmarka za ka baza. Bayanin ya shige ni, har na ƙagu in ga wannan tabarma da idona.

Na kwance murfin bayanta. Ban taɓa ganin cikin kwamfuta ba, na daɗe ina kallo. Ga ram ɗin kwance, ɗan kore siriri mai haƙora ruwan zinariya, ga kuma gurbi a samansa babu komai. Ashe tun daga masana'anta an bar mata wurin ƙari, shekara da shekaru ina fama da ita ban sani ba.

Tsoron cire shi nake yi, kar in ɓalla wani abu mu rasa na hannu. Inna ta same ni ina jujjuya maganar, ta ce, "Mi ka wuya nan? Da kuna ƙanana na taɓa jan ku kasuwa sayen takalmi?" Gaskiyarta. Tsinken tsintsiya take gwadawa a tafin ƙafarmu, ta karya daidai, ta ba mai zuwa kasuwa. Na zaro tsinke, na gwada tsawon ram, na karya. Har ina yaba wa kaina.

Ranar kasuwar Jega na sami rumfar wani mai gyaran kwamfuta, na ciro tsinke daga aljihu na aza masa a tebur. Ya dube shi, ya dube ni.

"Malam, wanga hwa?"

"Awo ne," na ce. "Ram mai irin tsawonsa nake so."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ni kuwa na ɗaure fuska. Ya fito da guda biyu, duk sun yi daidai da tsinken. Ya fara tambayata wace iri ce kwamfutar, na katse shi, don raina ya riga ya ɓaci. Na zaɓi wanda ya ce ya fi ƙarfi kuma sabon yayi ne. Ɗan Aliero nake, a wurinmu wa zai ga babbar albasa ya ɗauki ƙarama?

A gida ram ɗin ya ƙi shiga gurbin. Na juya shi, na karkata shi, na danna har yatsana ya yi fari. Allah ya taimake ni na tsaya kafin in yi ɓarna. Da na kai shi bakin taga sai na ga wani ɗan giɓi a tsakanin haƙoransa. Na leƙa gurbin, akwai ɗan tudu da ya kamata giɓin ya hau, amma sun saɓa da abin da bai fi faɗin ƙwayar shinkafa ba. Abin ya ba ni haushi, ya kuma burge ni. Wani ya zauna ya yi tunanin mai taurin kai irina, ya tare masa hanya tun kafin ya iso.

Na koma Jega da sanyin jiki. Mai rumfar ya karɓi kayansa ba gardama, sannan ya ce, "Ba ka da waya? Da hoton takardar da ag ga jikinai ka ɗauko." Ni da na ɗauki hoton shafi bayan shafi, wannan ɗayan bai zo mini a rai ba. Ya ce irin nawa tsohon yayi ne, sai a cikin matattun kwamfutoci, amma akwai wata Hajiya mai shagon buga takardu a Maiyama da ba ta zubar da komai.

Wannan karon kwamfutar na goya gaba ɗaya. Hajiyar ta jawo gwangwanin madara cike da ram, ta karanta lambar nawa, ta tona ta fito da ɗan'uwansa. Ta saka shi a karkace, ta danna, ya yi ƙas. Ta kunna, ta ce in ja shafi mu gani. Na ja, ya biyo hannuna ba gardama.

Mun yi kusan wata biyu ni da Baba, kullum bayan la'asar. Rannan muna ƙarshen wani littafin fiƙihu ya ce in tsaya, in ƙara faɗaɗa kusurwar ƙasa. Ya matso har hancinsa na taɓa gilashin. Layi biyu ne da ajami, Kaka ya rubuta cewa an haifa masa ɗa namiji ranar Laraba da hantsi, yana roƙon Allah ya sa ya karanta wannan littafi bayansa.

Baba ya ɗago kai ya ce, "Ashe jirana shi kai."

Kafin a cire albasar wannan shekara idon ya rufe gaba ɗaya. Har yau, bayan la'asar, yakan ce in buɗe masa shafin. Ya san ba ya gani, ni ma na sani. Sai in kama yatsansa in ɗora masa a kan layin farko.