Ranar Da Na Gyara Kwamfutar Baba

Ni dai Allah ya yi ni da shisshigi, kuma shisshigin nan ne ya sa na aikata abin da har yau idan na tuna shi sai abinci ya fita raina.

Ofishinmu yana saman wani bene ne a Gyadi-Gyadi. Ƙaramin kamfanin gine-gine ne, mu biyar har da mai kamfanin, wanda muke kira Alhaji. Ni ce mai kula da fayil da amsa waya. Mai buga takardu kuwa wani dattijo ne daga Darmanawa, kowa Baba yake ce masa. Tun zamanin tafireta yake wannan sana'a, da ita yake riƙe da gidansa, ga 'ya'ya mata biyu a makaranta.

Kwamfutar da yake aiki da ita tsohuwa ce tukuf, irin mai akwati a ƙarƙashin tebur. Idan aka kunna ta da safe, sai in sauka in sayo ƙosai in dawo ba ta gama farkawa ba. Ka buɗe takarda, ta tsaya tana juyi. Ka buga layi biyu, ta sake tsayawa. Wasiƙa ɗaya sai ta cinye wa Baba rabin wuni, shi kuwa yana zaune shiru, takardar da yake kwafa a hannunsa.

Wata Laraba Alhaji ya fito a fusace, don takardar neman kwangila ta makara.

"Baba, shafi uku tun hantsi? Idan aikin ya fi ƙarfinka ka faɗa mini. Masu digiri suna nan suna yawo da takardu a hammata. Ƙarshen wata zan yanke shawara."

Raina ya ɓaci. Dattijon da ya isa ya haife shi, a gabanmu! Na yi difloma a kan kwamfuta, na san ciwon, sai na yi caraf na ce, "Alhaji, wallahi ba laifin Baba ba ne. Ram ɗin kwamfutar ne ya yi kaɗan, wato wurin da take ɗora aikin da ke hannunta. Giga biyu kacal. Kamar a ce a tuƙa tuwon biki a tukunyar shayi. A ƙara mata, ka ga aiki."

Alhaji ya ce in je in sayo.

Da aka tashi, Baba ya tsare ni a bakin ƙofa. Ya ce, "'Yata, ki bar ta haka. Mun saba da juna."

"Haba Baba! Ana cin zalinka kana cewa a bari?"

"Don Allah ki bar ta."

Na ɗauka kawaici ne irin na mutanen da. Har wani daɗi na ji a raina, wai zan ƙwato wa bawan Allah haƙƙinsa ko ba ya so. Kaico.

Ranar Asabar na hau adaidaita zuwa kasuwar 'yan waya da ke Tarauni. Wani mai shago ya ba ni ram, ɗan siririn falle kore, ya rantse zai yi. Na dawo ofis, na cire wuta, na kwance akwatin da sukurudireba. Gurbi biyu ne a ciki, ɗaya ba komai. Na gwada, ya ƙi zama, ashe tsagar da ke jikinsa ba ta yi daidai da ta gurbin ba, na sababbin kwamfutoci ya ba ni. Da ina da hankali da nan na tsaya. Ina! Na zare tsohon ram ɗin, na koma cikin rana na dangwara wa mai shagon a kan kanta, na ce irin wannan na ce, ba ragowar shago ba. Ya canza mini da guda biyu. Na danna su har suka ce ƙas, na rufe, na kunna. Kafin in gyara mayafi ta buɗe.

Ranar Litinin Alhaji ya ga yadda take gudu, baki har kunne. Ya miƙa wa Baba wata takarda da ya rubuta da hannu, ya tsaya a bayansa don ya ga abin mamaki.

Baba ya ɗaga takardar ya kai ta dab da hancinsa. Ya daɗe. Ya ajiye, ya buga kalma biyar da ka, ya sake ɗagawa. Sai a lokacin na gane. Haka yake yi kullum, amma a da yana yi ne yayin da kwamfutar ke juyi, duk idanunmu na kanta muna tsine mata. Yanzu ita ce ke jiran sa.

Alhaji ya nuna allon ya ce, "Baba, karanta mini layin nan."

Baba ya ƙura wa allon ido. Sannan ya ce, "Ba na gani sosai, Alhaji. Yanar ido ce ta kama ni, tun bara. Na so in lallaɓa har yaran su gama."

Na roƙi Alhaji, har kuka na yi masa. Ya ce shi ba mugu ba ne, zai taimaka da aikin ido, amma takardun kwangila ba wurin lalube ba ne. Ƙarshen wata ya sallame shi. Ni aka sa na buga takardar sallamar, kuma ni aka ba kujerar.

Ranar da zai tafi na bi shi har kan matakala, na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini. Ka hana ni, na ƙi ji."

"Alheri kika nufa, 'yata. Tashi." Ya tsaya yana laluben bango da tafin hannu, sannan ya miƙo mini hannun. "Tunda yanzu kowa ya sani, riƙe ni mu sauka. Kullum tsoron benen nan nake ji."