Cikin da Na Ɓoye a Kwamfutar Ofis

Shekarar da na samu ciki na uku ina aiki a wani kamfani a Funtua, irin waɗanda ke ba manoma iri da taki da damina, su dawo da kaka su sayi auduga da waken suya. Aikina zama ne gaban kwamfuta. A kawo mini takardun awo daga sikeli, in shigar da sunan manomi da ƙauyensa da nauyin kayansa. Ni kaɗai ce mace a ɗakinmu, kuma ban taɓa jin hakan ya dame ni ba.

Na ce ciki na uku, amma a lokacin ba ni da ɗa ko ɗaya. Biyun farko duk ɓari na yi. Zafin ɓarin daban, zafin jama'a daban. Surukata Hajiya, mahaifiyar mijina, tana zaune a Malumfashi, kuma mace ce mai son mutane da ba ta iya riƙe farin ciki a cikinta. Na farko, kafin a gama gaya mata, labari ya zagaye dangi har Bakori. Da cikin ya zube sai ga mata mota-mota sun zo jaje, kowace da irin maganin da ta ce shi ya tsayar wa 'yarta. Na biyu ma haka aka yi, sai dai wannan karon Hajiya ta kwanta ciwo don baƙin ciki, na koma ni ce mai ba ta haƙuri. Saboda haka da likita ta tabbatar mini da na uku, ni da mijina muka yi shawara tun a bakin asibiti: babu wanda zai ji sai ya yi ƙwari. Ko uwata ban gaya wa ba.

To amma mai ɓoye ciki tambayoyi ne fal a ranta, kuma ba ta da wanda za ta yi wa. Me zan ci, me zan bari? Wannan ciwon marar da nake ji, irin na da ne ko wani ne? Ina da waya, amma a gidanmu waya ba ta mutum ɗaya ba ce. Ƙannen mijina mata biyu suna zaune da mu suna karatu, kuma da na ajiye jaka hannunsu na cikinta, wai za su kalli ɗinki. In ka sa wa waya makulli a gida irin namu, ka jawo wa kanka tambayar da ta fi wadda kake gudu. Sai na ga ai babu wurin da ya kai kwamfutar ofis sirri. Tawa ce ni kaɗai, ni ke kunna ta, ni ke kashe ta.

Da an kira Azahar maza duk sai su fice masallaci. Ni in yi tawa sallar a ɗan lungun bayan kabad, in dawo in zauna in yi ta tambayar intanet abin da ba zan iya tambayar kowa ba. Tambayar da na fi maimaitawa ita ce ta mashin. Lokacin rajistar manoma ya kusa, kuma a duk shekara ana raba mu ne a kan mashina, mu bi ƙauyukan Dandume, hanyoyin da ko mai ƙoshin lafiya sai ya dawo yana dafa baya. Na rubuta tambayar da Hausa, na rubuta da Turanci, na juya ta ta kowace fuska ko zan samu wanda zai ce mini babu komai. Da na ji takun maza sai in goge tarihin binciken yadda wata ƙawata ta koya mini, in gyara zama, in kama aikina ina jin kaina wata gwana.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne Yaya. Yaya wan mijina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ne mai kula da kwamfutocin kamfanin. Mutanen ofis Injiniya suke ce masa. Ni ban taɓa kama sunansa ba, kuma ba zan fara a takarda ba. Tsakanina da shi gaisuwa ce kawai, ita ma ina sunkuye yana kallon wani wuri, kamar yadda aka saba tsakanin mace da wan mijinta. Yana da ɗan ɗaki a ƙarshen baranda mai sanyi kamar firji, cike da wayoyi da wani akwati mai fitilu. A tunanina aikinsa gyaran firinta ne da sa wa mutane sabon lambar sirri in sun manta.

Wata safiya manaja ya tara mu. Ya ce hedikwata ta gaji, intanet ɗin da ake saya na wata ba ya kai ƙarshen wata, don haka Injiniya zai yi mana bayani. Yaya ya miƙe, ya yi magana a hankali kamar yadda ya saba.

"Duk kwamfutar da ke gidan nan, kafin ta fita waje sai ta bi ta akwatin da ke ɗakina. Yana rubuta wace kwamfuta ce, ina ta shiga, yaushe, kuma data nawa ta sha. Sannan akwai manhajar da hedikwata ta sa a kowace, ita kuma tana riƙe har abin da mutum ya rubuta yana nema."

Akanta, wanda kowa ya san ba ya barin ƙwallon Turawa ta wuce shi, ya ɗaga hannu. "Injiniya, tau idan mutum ya goge fa?"

"Ka share ɗakinka ne, Malam," in ji Yaya. "Sawunka na nan a tsakar gida."

Aka kwashe da dariya. Alhaji mai kula da sito ya rantse shi dambe kawai yake kallo, kuma dambe ai al'ada ce, ba a hana al'ada. Ni ma na yi dariyar don kada a lura. Yaya ya ƙara da cewa wannan ba sabon abu ba ne, akwatin ya daɗe yana aikinsa, yanzu ne dai aka ce ya zauna ya duba, kuma mako mai zuwa zai kira kowa ɗaya bayan ɗaya.

Ba korar aiki na ji tsoro ba. Ban kalli fim ba, ban sha data ba. Hanya ɗaya kawai nake gani a gabana: daga idon Yaya zuwa kunnen matarsa, daga matarsa zuwa Hajiya, daga Hajiya zuwa duk wanda ke da waya a Malumfashi. Bayan wannan ga kunya. A ce duk duniya wan mijina ne zai karanta tambayoyin da na yi a kan jikina, da kalmomin da na yi amfani da su. Na gaya wa mijina da yamma. Ya ce shi fa ba zai iya tunkarar Yaya da irin wannan magana ba, kuma in ya ce masa kada ya duba, ai ya gaya masa ke nan. Na ji haushinsa, duk da na san gaskiya ya faɗa.

Ranar Asabar muka je gaida Hajiya. Ban taɓa sauraron mutum kamar yadda na saurare ta ranar ba. Ta ce na rame, na ce a raina ko ta gane. Ta ce a dama mini kunun tsamiya, na ce shi ke nan, ta ji. Sai da na ga ta zuba wa kowa har da mai kawo ruwa sannan na iya haɗiye nawa. Matar Yaya tana wurin, muka yi ta hirar tsadar manja, ina leƙen fuskarta ko zan ga wani murmushi na daban. Ban ga komai ba, kuma rashin ganin bai kwantar mini da hankali ba.

Aka fara kira ranar Litinin. Akanta ya fito yana sosa ƙeya. Alhaji ya fito yana cewa ashe dambe ma yana da tsada. Da aka zo kaina na tsaya a bakin ƙofa na gaishe shi, ya amsa idonsa a kan allon kwamfutarsa.

"Taki ba ta cikin masu shan data," ya ce. "Abin da nake tura wa hedikwata sunayen waɗanda suka wuce iyaka ne, da wanda ya shiga inda zai kwaso mana cuta a kwamfuta. Ba ki cikin ko ɗaya."

Na ce na gode. Na juya zan tafi sai ya ƙara, har yanzu bai ɗago ba.

"Abin da nake gaya wa kowa ne. Kwamfutar kamfani ta kamfani ce. Yau ni ke zaune a nan, gobe wani ne. Abin da ya shafi mutum shi kaɗai, ya fi kyau ya nema a wayarshi."

Na fito ban san ko ya gani ko bai gani ba. Na tambayi akanta a fakaice ko shi ma an gaya masa haka, ya ce e, kalma da kalma. Na ɗan samu sauƙi. Na ce wa kaina mutumin da ke fama da kwamfutocin kamfani guda ina ya ga lokacin karanta shirmen da nake rubutawa da Azahar.

Sai ranar rabon mashina ta zo. Manaja yana faɗin wanda zai bi wace hanya, ni kuwa na kwana ina shirya ƙaryar da zan yi, kuma duk wadda na shirya sai in ga ramin da ke cikinta. Kafin a kai kaina Yaya, wanda ba ya cewa uffan a irin wannan taro, ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, bana ina son a bar mani mutum guda a ofis. Bara abin da 'yan ƙauye suka turo ya taru ya cakuɗe, sai da muka yi wata muna warwara. A bar wanda zai riƙa karɓa yana gyarawa a ranar." Ya juya takardar hannunsa. "Wanda ya fi saurin bugu."

Kowa ya san wa ya fi saurin bugu a ofishin nan. Manaja ya ce tau, ke sai ki zauna. Akanta ya ce wasu dai da sa'a aka haife su.

A nan na san ya gani. Ya ga tambayar mashin, ya ga sauran duka. Na shiga banɗaki na rufe ƙofa na tsaya ina riƙe da bango, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma a ƙarƙashin kunyar akwai wani sanyi da ya sauko mini har ƙafa, don ba zan hau mashin ɗin nan ba. Na yi kuka kaɗan, na wanke fuska, na koma na kunna kwamfutata.

Sai na zauna jiran wayar Hajiya. Duk kiran da ya shigo daga Malumfashi sai na yi bisimilla kafin in ɗauka. Ta kira a kan bikin wata jikarta, ta kira tana cigiyar mai ɗinki, ta kira don kawai ta ji muryata. Rajistar manoma ta ƙare, aka fara kawo auduga, hijabina ya fara kasa rufa mini asiri, kuma har lokacin babu wanda ya zo mini da magani a gora. Na sayi ƙaramar waya ta biyu na bar ta a ƙasan jaka, ban sake tambayar kwamfutar ofis komai ba sai nauyin kaya.

Da likita ta ce mu kwantar da hankalinmu, muka je Malumfashi muka faɗa da bakinmu. Wato mijina ya faɗa, ni ina ɗaki ina wasa da bakin mayafi. Hajiya ta yi guɗa, ta yi kuka, ta yi faɗan an ɓoye mata, duk a numfashi ɗaya. Matar Yaya ta faɗo ɗakin ta riƙe ni tana cewa wallahi ke muguwa ce, kullum muna tare ashe da abinki. Na kalli idonta da kyau. Mamakin gaske ne, ba na nuna wa mutane ba. Ashe ko ita bai gaya wa ba.

Daga tsakar gida na jiyo Hajiya ta juya kan babban ɗanta.

"Kai kuma, wuri guda kuke aiki da ɗiyar nan, kullum kana ganinta, a ce ba ka lura da komi ba? Wane irin mutum ne kai?"

"Hajiya, ni kwamfutoci nake dubawa," in ji Yaya.

"Ai kau ga shi nan! Kwamfuta ta cinye maka ido."

Na haifi mace, tana nan yanzu tana makarantar firamare, bakinta kamar na kakarta. Na bar wancan kamfanin tuni. A inda nake yanzu ma akwai akwati mai fitilu da mai kula da shi, yaro ne mai fara'a, kuma ban san halinsa ba, ba na kuma son in gwada. Duk yarinyar da aka ɗauka aiki sai na ja ta gefe na gaya mata abin da aka gaya mini a bakin ƙofar nan.

Ni da Yaya ba mu taɓa yin maganar ba, kuma ba za mu yi ba. Babu kalmar da mace za ta gode wa wan mijinta da ita a kan abu irin wannan. Har yau duk taron Sallah sai Hajiya ta ba da labarin ɗanta mai ilimin kwamfuta, wanda matar ƙaninsa ta yi wata da watanni da ciki a gabansa bai gani ba. Jikoki su yi ta dariya, matarsa ta taya su. Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ci gaba da cin tuwonsa, bai taɓa kare kansa ba.