Ƙanwata mai aikin takunkumi

Ƙanwata ta yi karatu mai zurfi, ta samu aiki a wani biro a ƙasar waje, inda ake nazarin takunkumin da ake ƙaƙaba wa ƙasashe. A gidanmu na Gaya ba wanda ya taɓa tambayarta ma'anar aikin, sai da sojoji suka karɓi mulki, aka ƙaƙaba wa ƙasarmu takunkumi, aka toshe gadar da ta haɗa mu da Benin.

Inna tana da ciwon suga. Allurarta ta yi wuya a farmasi, ga kuran, wato wutar lantarki, ya daina zama, ɗan abin da muka samu ya lalace a firigo. Da na faɗa wa ƙanwata a waya, sai ta ce, "Yaya, ina zuwa."

A kwalekwale ta tsallako kogi, zaune tsakanin buhunan albasa, rungume da akwatin ƙanƙara mai ɗauke da allurar Inna. Na tarye ta a bakin ruwa, zanenta jiƙe har gwiwa.

Washegari maƙwabcinmu, wani dattijo direban kamyo da motarsa ta maƙale a ƙetare, ya yi sallama ya ƙi zama, ya dubi ƙanwata.

"'Yata, an ce ku ne masu rubuta wannan abu."

"Baba, ba ni na rufe gada ba. Aikina in roƙa a bar magani da abinci su wuce."

"To, sun wuce?"

Ta sunkuyar da kai. "Ba su wuce ba."

Na zaci zai yi faɗa. Sai ya jawo tabarma ya zauna, ya shiga ba ta labarin direbobin da ke kwana ƙarƙashin motocinsu, da wanda zazzaɓi ya kashe can ba danginsa a kusa. Ba ta katse shi ba har aka kira azahar.

Bayan ya fita ta ce mini za ta ajiye aikin. Inna, da ke kwance tana jin mu, ta ɗaga murya daga ɗaki.

"In kin ajiye, wa zai zauna a kujerar? Wanda bai san inda Gaya take ba?"

Ta koma bayan sati biyu, ta hanyar ruwan da ta zo. Dattijon ya rako ta har bakin kogi, ya ba ta busasshen kifin garin Tounouga ƙunshe a takarda, ya ce wa mai jirgin ya tuƙa a hankali.